Ranar da gemun Baba ya faɗi: me ya sa teyatur ɗinmu ya koma jawabi?

Cikin hutun da ya wuce na koma gida Damagaram, wani abokina ya ja ni gidan matasa kallon teyatur. Wata ƙungiya mai zaman kanta ce ta ɗauki nauyi, an rataya bandarol, an jera kujerun manyan baƙi a gaba, mu kuma muna baya a tsaye. Wasan a kan auren wuri ne. Wani manomi zai cire ɗiyarsa daga lakwal ya yi mata aure. Ɗiya ta yi kuka, uwa ta yi kuka. Sai wata madam ta furoje ta shigo da jaka a hannu, ta tsaya ta yi bayani kusan minti goma ba wanda ya katse ta. Tana rufe baki uban ya ce ya gane kuskurensa. Aka tafa, aka watse.

Sau ɗaya tak na ga wurin ya motsa. Ana tsakiyar bayanin madam, gemun audugar da aka liƙa wa uban ya saɓule ya faɗi. Yaron bai ruɗe ba. Ya duƙa ya ɗauka, ya dube shi, ya ce ko gemunsa ma ya gaji da zancen nan. Wallahi har masu tallar gyaɗa a bakin ƙofa sai da suka yi dariya. Tun ranar nake tambayar kaina: me ya sa daƙiƙa biyar ɗin da ba a shirya ba suka fi sauran awa guda rai?

Ni ɗalibin ilimin harshe ne, don haka bari in fara da kalmomi. Kalmar da muka aro daga Faransanci muka mai da ita teyatur, asalinta Girkanci ce, theatron, ma'anarta wurin kallo. Kalmar drama ita ma daga can ta fito, daga wani fi'ili mai nufin aikatawa. Mu kuma muka ce wasan kwaikwayo. Kalma ɗaya ta kama mai kallo, ɗaya ta kama aiki, tamu ta kama shiga rigar wani. Aristote ma, a littafinsa kan fasahar waƙa da wasa, kwaikwayo ya sa a tushe. In ka haɗa ukun ka samu duk abin da ake buƙata: mutum ya tsaya gaban mutane, ya zama wani, ya aikata wani abu, su kuma su yarda na ɗan lokaci cewa shi ne wancan ɗin. Labule da fitila da mikoro duk ƙari ne. Yarda ɗin nan ita ce jari, kuma ba a ba da ita kyauta. Mai kallo yana ba da ita ne in yana son ya san abin da zai faru gaba.

A aji ana fara mana tarihin daga Girka, kuma akwai dalili. A birnin Atina, wajen bikin gunkinsu Diyonisos, ƴan amshi ne ke rera waƙa suna rawa. Ana cewa wani mai suna Thespis ne ya fara fita daga cikinsu ya yi magana da bakin wani, kuma ana danganta masa nasara a gasar wajen shekara ta 534 kafin haihuwar Annabi Isa. Daga baya Eschyle ya ƙara ɗan wasa na biyu, Sophocle ya ƙara na uku. Mu kan haddace wannan don jarrabawa, mu manta da ma'anarsa. Mene ne amfanin mutum na biyu? Shi ne mai cewa a'a. Dubi Antigone ta Sophocle: sarki Créon ya hana a binne gawar wanda ya kawo wa gari yaƙi, Antigone ta ce ɗan'uwanta ne, sai ta binne shi. Shi yana da hujja, ita ma tana da hujja, kuma ba wata madam da ta shigo ta raba gardama. Shi ya sa har yau ake yin wasan.

Amma Girka ba ita ce mahaifar kowa ba. Indiya na da tsohon littafinta na ƙa'idojin wasa, Natyashastra. Japan na da wasan No tun ƙarni na 14. Mu ma ba a lakwal muka fara ganin mutum ya zama wani ba. Wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san tashe: azumi na kai kwana goma yara su fito da dare, wannan ya liƙa gemun auduga ya riƙe sanda yana rawar tsufa, wancan ya zama Jatau mai magani da tarkacensa, ana bi gida gida. Ga ƴan kama, masu shigar malamai da tawada da takardu, suna juya salon karatu ya koma zancen tuwo da miya. Ga kuma namu na Damagaram, wasan kara, inda talaka ke zama shugaban ƙasa ko minista ko kumandan, da dogarai da bindigogin kara, yana tafiya irin tasu, yana magana irin tasu, wani lokaci a gaban masu abin.

A nan sai in ja wa ƴan'uwana ɗalibai kunne. Don muna son mu nuna cewa mu ma muna da namu, sai mu tattaro komai mu zuba a buhu ɗaya, har da bori. Ban yarda ba. A bori akwai kaya, akwai kiɗa, kowane iska da irin tafiyarsa da muryarsa, gaskiya ne. Amma ga ƴan bori da masu zuwa neman magani wurinsu, wanda ya hau ba kwaikwayo yake ba, iskan ne da kansa ya sauka. A tashe kuwa, uwar yaro ta san sarai ɗanta ne a cikin gemun, shi ya sa take dariya. Inda babu wannan sanin na biyu, cewa shi ne kuma ba shi ba ne, ba a shiga teyatur ba tukuna. Ba raina kowa na yi ba, rarrabewa ce.

Teyatur irin na dandamali da labule kuwa ta lakwal ya shigo mana. A shekarun 1930, a makarantar William Ponty ta Senegal, inda ake horar da malamai da ma'aikata na yankin da Faransa ke mulka, ana sa ɗalibai su tattaro al'adun garuruwansu su mai da su wasa da Faransanci. Wannan layin ne ya zo har kan André Salifou, wanda ya fitar da Tanimoune a 1973, kan Sarkin Damagaram Tanimun. Ɗaya layin kuma na Hausa ne: wasannin rediyo da tele, da ƙungiyoyin samariya da Seyni Kountché ya farfaɗo da su bayan ya karɓi mulki a 1974, da gasar matasa ta ƙasa inda jihohi ke karawa. Sunan da kowa ke kamawa a nan shi ne Yazi Dogo da abokan wasansa.

Wani zai ce ai su ma saƙon gwamnati suke ɗauka. Haka ne, kuma bai kamata mu ɓoye ba: mulkin soja ne, kuma akwai iyakar da baki ba ya tsallakewa. Ke nan faɗakarwa ba yau ta fara ba, kuma ba ita ce cutar ba. Tashe ma akwai gargaɗi a cikinsa. Bambancin yana ga yadda aka gina wasan. Waɗancan ba takarda suke haddacewa ba. Su kan daidaita kan labari, kowa ya san wane ne shi da abin da yake so, sannan magana ta fito a wurin. Don haka macuci a wasansu yana da baki. Yana da daɗin zance, yana da dabara, har ka kama kanka kana jin daɗinsa kafin asirinsa ya tonu. Iyayenmu ba don darasi suke kewaye rediyo ba. Don mutanen suke zama, darasin ya biyo baya.

Yanzu mu koma gidan matasa. Abu na farko da ya kashe wasan nan shi ne harshe. Kunnena ya ba ni cewa da Faransanci aka rubuta shi, aka juya. Manomin da aka ce bai taɓa shiga aji ba yana cewa ya zama wajibi a yi la'akari da haƙƙin ɗiya mace. Wane baƙauye ne ke magana haka a tsakar gidansa? Matarsa tana kiransa da sunansa na yanka, gatsal, ba Malam ba maigida. Ɗiyar tana tsaye ƙiƙam tana kallon ƙwayar idonsa tana jera masa hujja ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Alhali a gidajenmu yarinya kan ƙi abu ta hanyar shiru, ta ƙin cin tuwo, ta gudu gidan gwaggo. Nan ne wasan yake, aka bar shi. A teyatur harshe shi ne riga ta farko. Kafin a ga hularka an ji bakinka: ma'aikaci mai tsarma Faransanci don a san ya yi lakwal, tsohuwa mai zagaye da karin magana, ɗan tasha, malamin zaure. In duka suka yi magana da murya ɗaya, muryar rahoton buro, to mutum ɗaya ne a dandamali ko da su goma ne.

Abu na biyu, an hana uban hujja. An mai da shi jahili kawai, mai jiran a zo a wanke masa kai. To amma iyayen da ke cikin ƴan kallo sun san dalilansu. Babu kwaleji a ƙauyen, sai an tura yarinya wani gari hannun wanda ba a sani ba. Ana tsoron ta ɗauko abin kunya. Rumbu ya yi ƙasa. Yayanta ya gama karatu yana zaune ba aiki. Ni ina ganin cire yarinya daga aji a aurar da ita cuta ce, kuma na san abin da ke iya biyo baya, har da yoyon fitsari wajen haihuwa. Saboda haka ne ma nake jin haushi. In uban da ke kallo bai ga kansa a wasan ba, zai tafa ya koma gida ya yi abin da ya yi niyya. Ka ba shi bakinsa cikakke, ka bar shi ya kusan rinjaye, sannan ka nuna masa abin da zaɓinsa zai ci. A nan ne kawai zance zai bi shi har kan tabarma.

Ban ga laifin ƴan wasan ba. Matasa ne irinmu, jika biyu ko uku da za su samu ba abin rainawa ba ne, kuma mai biyan kuɗi shi ya kawo takarda. Yaron nan mai gemu ma ya nuna gwani ne, takardar ce ta ɗaure shi. Lokacin da gemun ya faɗi, uban ya samu ra'ayin kansa, ya ce a'a, mu kuma muka tuna muna wurin. Mai yi, mai kallo, da gardama: duk suka haɗu cikin daƙiƙa biyar.

Mu da ke rubutu a wannan ƙungiya, da yawanmu wata rana za a miƙo mana irin wannan aiki, da jigo da kuɗi da wa'adi. Kafin ranar, ga abin da nake roƙo. Azumi mai zuwa kowa ya bi ƴan tashen unguwarsu da ɗan littafi a aljihu, ya rubuta yadda suke shiga gida, yadda suke riƙe mutane, da inda dariya ke tashi. Ya zauna kusa da gardamar gaske, a gida ko a fada ko a tasha, ya rubuta maganar kowa yadda ta fito, ba gyara. Sannan mu haɗu mu gwada wasan nan na auren wuri da mutum uku kawai, uba da uwa da ɗiya. Madam ta zauna cikin ƴan kallo.