Kuɗin Goro a Finafinan Cakwakiya: Nazarin "The Gods Must Be Crazy"

1.0 Gabatarwa

Daga cikin finafinan ban dariya akwai wani nau'i da za a iya kira fim ɗin cakwakiya. Zubinsa sananne ne: wani ɗan ƙaramin kuskure ne kan auku tun da farko, garin gyara shi a tafka wanda ya fi shi, daga nan sai guje-guje da faɗuwa da ɓarin kaya, har a kai inda kowa zai yi kiciɓis da kowa a wuri guda. Nau'in ya daɗe, domin tun zamanin finafinai marasa magana kamfanin Keystone na Mack Sennett, wanda aka kafa a Amurka a 1912, ya yi suna da 'yan sandansa masu bin ɓarawo suna cin karo da juna.

Manufar wannan maƙala ita ce duba dalilin da ya sa irin waɗannan finafinai suke dogara da yi wa al'ummu kuɗin goro, da kuma abin da hakan ke haifarwa. An zaɓi "The Gods Must Be Crazy", wato "Lalle Alloli Sun Zautu", wanda Jamie Uys na Afirka ta Kudu ya rubuta kuma ya shirya a 1980, saboda kowace sifa ta wannan nau'i ta bayyana a cikinsa ƙarara.

2.0 Kuɗin goro da dalilin bukatarsa

Idan Bahaushe ya ce an yi wa mutane kuɗin goro, yana nufin an haɗa su an yanke musu hukunci ɗaya ba tare da tantance halin kowa ba. Turawa kuwa daga maɗaba'a suka aro sunan wannan ɗabi'a, wato daga farantin ƙarfen da ake zubawa sau ɗaya a yi ta buga shafi iri ɗaya da shi. Walter Lippmann ne ya yayata kalmar da wannan ma'ana a littafinsa na 1922 kan ra'ayin jama'a.

Bukatar fim ɗin cakwakiya ga kuɗin goro daga zubinsa ta taso. Ransa shi ne sauri, kuma mai sauri ba shi da lokacin gabatar da kowane ɗan wasa dalla-dalla. Saboda haka sai mai shiryawa ya ɗauko mutumin da 'yan kallo suke ganin sun riga sun sani. Da ganin tufarsa ko jin karin harshensa an san abin da zai aikata. Alal misali, a fim ɗin "The Party" na 1968, Peter Sellers, Baturen Ingila, ya shafa wa fuskarsa launi ya fito a matsayin Ba'indiyen da ya hargitsa liyafa. A "The Hangover" na 2009 kuwa, ɗan ta'addar da ake kira Chow da gurɓataccen Ingilishinsa ake fara dariya kafin a kai ga aikinsa.

Dabarar ba baƙuwa ba ce ga adabin baka. A tatsuniya, da an ambaci Kura an san kwaɗayi da wauta sun iso, da an ambaci Gizo an san za a sha wayo. Sai dai Kura ba ta da jikokin da za a yi wa gori a makaranta. Matsalar tana tasowa ne a lokacin da aka ɗauki rigar Kura aka sanya wa wata al'umma mai rai.

3.0 Labarin a taƙaice

Wani matuƙin jirgin sama ne ya jefo kwalbar Coca-Cola a hamadar Kalahari, ta faɗa kusa da wata zuriya ta mutanen San, waɗanda Turawa suka laƙaba wa sunan mutanen daji. Suka ɗauke ta kyauta ce daga sama, suka yi ta daka da ita, da jima, da busa. Da yake guda ɗaya ce, sai hassada da faɗa suka shigo. Xi, tauraron fim ɗin, ya ɗauke ta ya nufi ƙarshen duniya domin ya mayar wa masu ita. A hanya labarinsa ya sarƙe da wasu biyu: na Andrew Steyn, Baturen da ke binciken kashin namun daji, wanda jikinsa ke ɓari duk lokacin da ya ga mace, da malama Kate Thompson da aka aike shi ya ɗauko, sai kuma na Sam Boga da 'yan tawayensa, waɗanda suka kai hari kan wani shugaban ƙasa suka tsere zuwa Botsuwana, suka yi garkuwa da malamar da ɗalibanta.

Wajibi ne a ba Uys haƙƙinsa na gwaninta. Motar Steyn marar birki, wadda ta ƙare a rataye a bishiya, tana cikin fitattun wuraren ban dariya a tarihin nau'in. Haka nan N!xau, mutumin Namibiya da ya fito a matsayin Xi, ya nuna natsuwa da iya sarrafa fuska irin wadda ƙwararru da yawa ba su kai ba. Ingancin fim ɗin ne ma ya sa ya cancanci a tsaya a kansa, domin kuɗin goron da ke cikin fim marar daɗi ba ya zuwa ko'ina.

4.0 Yadda aka raba wauta

Masu kare fim ɗin sukan ce kowa aka yi wa dariya, Bature da baƙar fata, birni da daji. Gaskiya ne, amma rabon bai zo daidai ba. Wautar Steyn tasa ce shi kaɗai. An ba shi ilmi da sana'a da abin da zuciyarsa ke so, an kuma ajiye wani Baturen, Jack Hind, mai fankama, kusa da shi, ta yadda ba wanda zai ce haka duk Turawa suke. Daga ƙarshe ya yi jarunta, ya sami Kate.

Sam Boga da mutanensa ba su sami wannan gata ba. Ba a faɗi abin da suke yaƙi a kansa ba. Biyu daga cikinsu ma karta ce ta ɗauke musu hankali. Gwamnatin baƙar fatan da suka kai wa hari ita ma ba a nuna ta da wata kamala ba. An yi wannan hoto ne shekara huɗu bayan kisan ɗaliban Soweto na 1976, a lokacin da ƙungiyar SWAPO take yaƙin ƙwatar Namibiya daga hannun Afirka ta Kudu, gwamnatin wariyar launin fata kuma take kiran duk mai wannan gwagwarmaya ɗan ta'adda. Ko Uys ya yi niyya ko bai yi ba, abin da ya nuna ya yi daidai da abin da waccan gwamnati take so duniya ta gaskata.

Kuɗin goron da aka yi wa Xi ya fi wuyar ganewa, domin da yabo ya zo. Muryar mai ba da labari, wadda aka kwaikwayo daga finafinan namun daji, ta bayyana mutanen San a matsayin waɗanda ba su san mallaka ba, ba su san laifi ko hukunci ba, ba su taɓa ganin baƙo ba. Mai sauraro zai ce an girmama su. Amma wanda aka ce bai san mallaka ba, an share hanyar cewa ba a ƙwace masa komai ba. Wanda kuma aka ce bai san kuɗi ba, ba a jin nauyin hana shi. A ƙarshen fim ɗin an miƙa wa Xi kuɗi ya watsar, 'yan kallo suka yi dariya, hankalin kowa ya kwanta.

5.0 Abin da ke bayan labule

Binciken masana ya saɓa wa waccan murya. Mutanen Ju/'hoansi, ƙabilar N!xau, suna da tsarin mallakar ƙasa da ruwa da suke kira n!ore, da tsarin musayar kyauta mai suna hxaro wanda ke ƙulla zumunta tsakanin zuriyoyi masu nisa. Richard Lee, wanda ya zauna da su tun shekarun 1960, ya rubuta labarin rigingimu da kashe-kashe a tsakaninsu, da yadda suke sasantawa. Ashe mutane ne kamar kowa, masu dukiya da doka da fushi.

Daɗin daɗawa, a shekarar da fim ɗin ya fito, John Marshall ya fitar da nasa fim na gaskiya, "N!ai, the Story of a !Kung Woman". A ciki an ga rayuwar Tsumkwe a Namibiya, inda aka tattara mutanen bayan an rage musu ƙasa: suna jiran rabon garin masara, tarin fuka yana cin su, sojojin Afirka ta Kudu suna ɗibar samarinsu domin yaƙar SWAPO. Har ila yau an ga ma'aikatan Uys suna maimaita ɗaukar wani yanki na fim ɗinsu a wurin. Wannan ya nuna cewa aljannar da aka nuna wa duniya shirya ta aka yi a tsakiyar wahala. An kuma tallata fim ɗin a waje a matsayin na Botsuwana, a daidai lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kira, a 1980, da a ƙaurace wa Afirka ta Kudu ta fuskar al'adu.

N!xau kansa bai fita daga wannan riga ba. Ya sake sanya ta a kashi na biyu a 1989, da wasu finafinai na Hong Kong a farkon shekarun 1990. Ya rasu a 2003 yana manomi mai shanu da gidan bulo, alhali duniya ba ta san shi ba sai da warki.

6.0 Ma'aunin barkwancin Hausa

Mai karatu zai iya cewa ai Bahaushe ma gwanin tsokana ne. Akwai wasa tsakanin Fulani da Barebari, da Kanawa da Zazzagawa, da Gobirawa da Yarbawa, ga kuma na taubasai. Hukumar UNESCO ma ta sanya wasan barkwanci na Nijar cikin gadon al'adun duniya a 2014. Shi ma da kuɗin goro ake yin sa. Amma yana da sharuɗɗa uku: ana yin sa ido da ido, wanda aka tsokana yana da damar ramawa nan take, kuma akwai amana a ƙarƙashinsa, domin abokin wasa ba ya cutar abokin wasansa.

Idan aka auna fim ɗin Uys da wannan ma'auni, sai a ga bai cika ko ɗaya ba. Miliyoyin mutane sun yi dariya a Amurka da Faransa da Japan, mutanen Tsumkwe kuwa ba su da majigin da za su rama da shi. Wasan da ɗaya ke yi ɗaya ba ya iya mayarwa ya tashi daga wasa ya koma gori.

Wannan ma'auni ya shafi masu shirya finafinan Hausa. Finafinan marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, da na abokan sana'arsa sun sha dogara da baƙauye a birni, da Bagwari ko Inyamiri mai karya Hausa. A dandali, wanda aka kwaikwaya yana iya tsayawa ya mayar da martani. A faifai kuwa murya ɗaya ce take tafiya gida gida, har wurin yaron da bai taɓa zama da Bagwari ba.

7.0 Kammalawa

An ga cewa saurin fim ɗin cakwakiya ne ke tura shi ga mutanen da aka riga aka yanke wa hukunci, kuma ba dole ba ne a hana shi wannan dabara baki ɗaya. Abin da ya kamata manazarci ya tambaya shi ne: wautar da aka nuna ta mutum ɗaya ce ko an ɗora wa dangi duka, kuma wanda aka yi wa dariya yana da bakin ramawa? Steyn ya tsallake tambayoyin biyu. Xi da Sam Boga ba su tsallake ko ɗaya ba, ga shi kuwa da su ne 'yan kallo da yawa suka fara sanin mutanen kudancin Afirka.