Masu Shela na Kasuwar Ajame

Duk wanda ya ratsa Kasuwar Ajame da hantsi, inda ihun yaran motocin gbaka da cinikin atamfa ba sa barin mutum ya ji maganar maƙwabcinsa, lalle zai yi al'ajabin yadda labarin rasuwar dattijo a Tireshbil, can ƙetaren ruwan Ebiriye, yake isa kunnen Hausawan kasuwar tun ladan bai kira azahar ba. Wannan hidima ta sankirori ce da masu shela, waɗanda suke bin rumfuna da goron gayyata, daga 'yan tireda har masu sayar da abincin garba, suna sanar da ɗaurin aure da suna da Maulidi, sa'an nan ranar Juma'a su maimaita wa jama'a a ƙofar babban masallacin titin Nangui Abrogoua.

Haƙiƙa WhatsApp ya fi su sauri, amma bai san nasaba ba, bai san malamin da ladabi ya wajabta a je a durƙusa a gaya masa da baki ba, balle dangin mamaci na Tawa ko Maraɗi waɗanda sai an lallaɓa kafin a faɗa musu. Ladan masu shelar kuwa, bayan ɗan tukwici, addu'a ce.