Masu Tsara Sadarwa a Sabon Ginin Jami'a

Aikin jami'in da ke kula da fasahar sadarwa a sabon ginin jami'a yakan fara tun kafin a haƙa harsashi. Shi ke zama da mai zanen gini, ya nuna inda wayoyi za su bi da inda za a keɓe wa manyan kwamfutoci ɗaki. Wannan zaman ya fi komai muhimmanci, domin bututun da ba a binne ba kafin filasta, sai an fasa bango yake shiga.

Gwanintarsa a ƙananan lissafi take fitowa. Wayar tagulla irin Cat6 ba ta kai saƙo daidai idan ta wuce mita 100, don haka yakan tanadi ɗakin na'urori a kowane bene, ya haɗa su da wayar faiba. A jami'o'in Najeriya, inda TETFund ke ɗaukar nauyin gine-gine da dama, wutar lantarki kan ƙara masa aiki. Na'urorin suna son sanyi dare da rana, ga ƙurar hunturu, shi ya sa yake tsayawa kai da fata kan inbata, batura da sola.

Kafin a karɓi gini, yakan gwada kowace waya, ya sa mata lamba, ya miƙa taswirarsu ga ma'aikatan da za su ci gaba da gyara.