Sharhi a Kan Kalmar "Ƙwayar Halitta"

A 1665 Robert Hooke na Ingila ya duba ɓawon itace da madubin ƙara girma, ya ga 'yan ramuka jere, ya ba su sunan Latin mai ma'anar ƙaramin ɗaki. Hausa kuwa ta ɗauki "ƙwayar halitta", wasu masu fassara kuma "tantanin halitta".

Na biyun bai dace ba. Tantani shi ne siririyar fatar da ke lulluɓe abu, kamar ta cikin ƙwai. Ya dace da marufin da ke tace abin da zai shiga ko ya fita, amma ya bar cibiya da ruwan ciki ba suna.

Na farkon ya fi, sai dai an ɗora masa kaya biyu: tubalin ginin jiki, da kuma abin da ɗa ke gada daga iyaye. Illar wannan tana bayyana a bayanin cutar sikila. Abin da ke lanƙwashewa kamar lauje jar ƙwayar jini ce. Abin da ake gada kuwa umarnin ƙera sinadarin cikinta ne. Idan iyaye duka AS ne, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu.

A Danko ta ƙasar Zuru, inda C'lela ne harshen gidan mutane da yawa, da Hausa ake yi wa masu neman aure wannan bayani. Kalma mai fuska biyu tana iya ɓatar da su.

Saboda haka ya kamata a bar "ƙwayar halitta" ga tubali, "tantani" ga marufi, "ƙwayar gado" ga abin gado.