Tufar da ke Tsufa Tare da Mai Ita: Nazari kan Sutura a Damargu

A watan Janairun 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya sauko daga duwatsun Abzin tare da ayarin gishiri, ya ratsa Damargu, ya nufi Kano. A can ya tarar da saƙa da rini sun riƙe birnin, har ya ƙiyasta cewa tufafin da ake fitarwa waje a shekara sun kai na wuri miliyan 300. Wani kaso na wannan haja ta ƙasar da a yau Ollelewa da Tanut da Belbeji suke yake bi. Damargu rumbun gero ce: Abzinawa su kawo gishirin Bilma da dabino, su koma da hatsi da turkuɗi.

A duba aikin da ke cikin alasho guda. A gurje auduga, a shiɓe ta, mata su kaɗa zare a mazari. Masaƙi ya saƙa ƙyalle siriri wanda bai kai faɗin yatsu biyu ba, a harhaɗa su da allura. A kai karofi a tsoma a ruwan baba da toka, a ɗaga ya sha iska, a sake tsomawa har baƙin ya nuna. Sannan mabuga a Kura su barbaɗa shuni, su yi ta dukansa a kan gungume sai ya ɗauki ƙyalli. Wanda ya sayi wannan ba zai yar da shi don wani sabo ya fito ba. Babbar riga in ta koɗe a mayar da ita marina, in mai ita ya rasu ta shiga rabon gado. Zanen mace kuwa in ya tsufa ya zama majanyi, daga nan gammo, daga nan tsumman goge tukunya. Dole a faɗi cewa ba kowa ke iya sayen waɗannan kaya ba, kuma audugar wancan zamani da yawanta bayi ne suka noma ta a rinji.

Wannan ɗabi'a ta sayen kaɗan mai ƙarko ita ce Turawa suka dawo suna nema. A 2007 wata Baturiyar Ingila, Kate Fletcher, ta yi kira ga yin sutura sannu a hankali, saɓanin tsarin kamfanoni irin su Zara da H&M, da Shein daga baya, masu fito da sabon yayi kusan kowane mako. Arahar kayansu wasu ne ke biyan ta. Ranar 24 ga Afrilun 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a Bangladesh, ya kashe mutum 1,134, yawancinsu mata maɗinka. Abin da aka gaji da shi a Turai da Amurka kuma a ɗaure shi dila-dila a turo Afirka. Kasuwar Kantamanto ta Ankara kaɗai tana karɓar tufafi kimanin miliyan 15 a mako, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari juji suke ƙarewa.

Ranar kasuwa a garuruwan Damargu za ka ga ƙarshen wannan doguwar hanya. Mai gwanjo ya yanke ƙarfen dila, ya baje a kan tabarma, mata suna ɗaga rigunan yara suna duba hammata da wuya. A gefe ga sababbin rigunan ƙwallo na roba a rataye, waɗanda rubutunsu ke ɓarewa tun wankin farko. Ni ban ga laifin manomin da ya sayi rigar sanyi ta gwanjo ba. Mutanen da suka ga fari na 1973 da na 1984 da yunwar 2005 ba su buƙatar wanda zai koya musu tattali, kuma hunturun Damargu ba ya jira. Gwanjo mai kyau ma ai ci gaba da amfani da tufa ne. Abin da ke damuna shi ne sabon yadin roba mai araha: yana riƙe zufa a bazara, ba ya ɗaukar rini, ba ya jure faci, in an yar da shi kuma ba ya ruɓewa, sai dai ya maƙale a ƙaya ko akuya ta haɗiye.

Amma akwai abin da bai kuɓuce mana ba, wato tela. Har gobe mutum yakan yanki yadi, a auna shi, ya jira ɗinkin Sallah, in yaro ya girma a kwance kalmasa a ƙara tsawo. Wannan a Turai sai mai hali. Matan Wodaabe kuma suna nan suna kwashe watanni kan surfanin riga guda. Giɓin yana wajen yadin kansa. Masakun Kaduna sun durƙushe, babbar cikinsu UNTL ta rufe a 2007, a Kano Kantin Kwari ya cika da atamfar Sin, karofin Ƙofar Mata kuma da yawansu sun bushe. Mai tsara sutura Alphadi ya buɗe bikin nuna tufafi na FIMA a Tigidit cikin 1998 don ɗaga darajar suturar Afirka, sai dai amfaninsa bai cika isowa masaƙin ƙauye ba.

Sai kuma namu laifin, anko. Kowane biki da suna a fitar da sabuwar atamfa, mace ta sayar da ɗan akuyarta ko ta ci bashi don kada a ce ba ta yi kara ba, ta ɗaura zanen sau ɗaya ko biyu ta jefa a akwati. Ba wani kamfanin waje da ya ɗora mana wannan. Kuɗin anko uku ko huɗu zai sayi turmi ɗaya mai nauyi da za a daɗe ana ɗaurawa, kuma shawarar hakan tana hannun uwar amarya da ƙawayenta, tun ranar da suka zauna zaɓen kala.