Kututturen da Muka Raina

Kowace shekara, da zarar damina ta zauna a ƙasar Rano da Kibiya, akan kira gangamin dashen itatuwa. 'Yan makaranta su fito, zumuntar matasa ta fito, a jera dashen dalbejiya a bakin hanya da harabar majami'a, a yi addu'a, a ɗauki hoto. Niyyar mai kyau ce, domin duk wanda ya girma a nan ya san ɗorawa da kaɗanya da marke sun ragu a gonakinmu, buhunan gawayi kuwa sai ƙaruwa suke yi a bakin titi.

Amma, 'yan'uwa a cikin Kristi, bari mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mukan ƙirga dashe a ranar da aka dasa shi, ba ma komawa mu ƙirga a watan Afrilu, bayan rani da awaki sun gama nasu aikin. Itacen bakin hanya na kowa ne, saboda haka ba wanda ya ɗauki nauyin ba shi ruwa ko yi masa shinge. Kuskuren wannan hidima ke nan: ta ɗaukaka ranar dashe, ta manta da shekarun reno.

Akwai darasi daga Maraɗi, a Jamhuriyar Nijar. Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya, a lokacin ma'aikaci ne na SIM, mishan ɗin da ta haifi ECWA. Ya yi ta dasa itatuwa a can, yawancinsu suna mutuwa. A shekarar 1983 ya lura cewa ƙananan tsiron da manoma ke sassabewa kafin shuka toho ne na tsofaffin kututture, waɗanda saiwarsu ke da rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai aka fara koya wa manomi ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, ya datse sauran, ya kiyaye su daga wuta da dabbobi. Mutanen wurin suka kira wannan sassabin zamani. Da manoma suka tabbata cewa itacen da suka rena nasu ne, sai aikin ya bazu daga gona zuwa gona, har aka ƙiyasta ya kai kadada miliyan 5 a Nijar. Ƙasarsu kuwa ba ta samun ruwan sama kamar tamu.

Littafi Mai Tsarki ya riga mu sanin wannan. A Ayuba 14 an nuna cewa itacen da aka sare bai rasa bege ba muddin saiwarsa tana nan. A Ishaya 11 kuma, daga kututturen gidan Yesse ne aka yi alkawarin Mai Ceto. Allahn da bai raina kututture ba, yaya mu bayinsa za mu cinna masa wuta kowace bazara?

Ba cewa ake a daina dashe ba. Amma kada a dasa abin da ba a ba wani mutum amanarsa da sunansa ba. Kada kuma mu tsaya zargin matar da ta saro makamashi, alhali tuwon da muka ci da shi aka dafa. Rassan da ake datsewa a sassabin zamani su ne za su rage mata tafiya daji. Gawon da aka bari a gona kuwa yakan zubar da ganye da damina, ya ba dawa taki ba tare da ya yi mata inuwa ba.

Bana, kafin ka ɗauki gatari, zaga gonarka ka ƙirga kututturen da ke toho. Nuna wa maƙwabcinka ma, Kirista ko Musulmi, domin iskar da ke kwashe ƙasa ba ta san iyakar gona ba.

Ya Ubangiji, ka gafarta mana sakacinmu, ka sa mu zama amintattu a kan ƙasar da ka ba mu riƙo. Amin.