Alkaki Ba Ya Rufa wa Kowa Asiri

Da zarar azumi ya kai ashirin da bakwai, ƙamshin unguwa yakan canja. Ta kowace katanga sai ka jiyo man gyaɗa a wuta da ƙarar matsami a bakin kasko. Yawancin abin da ake soyawa cincin ne, kuma ba raina shi nake yi ba: da shi ake cika robobi a Kano ranar Sallah, shi ake miƙa wa maƙwabta a Jos da Kaduna ranar Kirsimeti. Sai dai cincin mai haƙuri ne. Ko 'yar shekara goma ta kwaɓa fulawa da suga da bota ta yayyanka, zai ciwu. Alkaki kuwa ba ya rufa wa mai ƙaramin sani asiri.

Sunan ma baƙo ne. Daga Larabci ya zo, al-ka'ak, kamar yadda alkama da alkubus da gurasa duk suka samo sunayensu daga can. Lokacin da Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar da fataken Larabawa na Gadamas zaune a birni suna harkarsu, kuma ta wannan hanya ta Sahara irin wannan cima ta shigo mana. Har gobe a Libiya da Tunisiya ana yin dabla, yayar dubulan ɗinmu. A Masar ka'ak ɗin Sallah gasa shi ake yi a tanda, a barbaɗe shi da garin suga. Da ya zo hannun matan Hausa sai ya sauka daga tanda ya faɗa mai, daga mai ya zarce cikin zuma.

A wurin gwaggona na ga yadda ake yinsa, kuma aikin kwana biyu ne. Alkamar gida take saye, irin wadda ake nomawa da sanyi a Kadawa da Kura da ruwan Tiga. Ta tsince, ta wanke, ta shanya, sannan ta aiki yaro inji da gargaɗi ɗaya: "Ka ce masa ɓarzawa zai yi, ba niƙa ba." Nan ne wuri na farko da ake faɗuwa. In garin ya yi laushi kamar fulawa, alkakin zai cushe, zuma ba ta ratsa shi. In ya yi tsaki da yawa, yana shiga mai zai watse, a kwashe ɓurɓushi.

Daga nan sai murza gari da mai. Ba ta da ma'auni sai tafin hannunta. Takan damƙi garin ta matse, ta buɗe hannu ta duba. In ya tsaya dunƙule da shatin yatsunta a jiki, mai ya isa. Sai ta zuba nono mai tsami, wasu kuma yis suke sawa, ta yayyafa ruwa kaɗan, ta rufe kwano ta ajiye shi ya kwana. Da asuba, kafin ta taɓa komai, sai ta ɗaga murfin ta shinshina. Hancinta ne zai gaya mata yawan ruwan kanwar da ƙullin yake bukata, don kanwa ita ke kashe tsamin da ya taru cikin dare, ta kuma sa shi ya saki jiki. Kaɗan-kaɗan take ɗigawa tana murzawa. In hannu ya zarce, launi zai yi duhu, ɗanɗano ya koma na sabulu, kuma babu gyara.

Naɗin shi ne abin kallo. Ta gutsuri ƙulli, ta mulmula shi a faranti ya yi tsawo kamar igiya mai kaurin ɗan yatsa, ta lanƙwasa ta harɗe bakin biyu, duk cikin ƙiftawar ido tana hira. Guda hamsin za ta jera, ka rantse a bakin abu ɗaya aka zubo su. Nawa kuwa wani kamar ƙadangare, wani kamar takalmin jariri.

Shekarar da ta fara bar mini kasko, na ga tulin da ke jira, na ga rana ta yi, sai na tura itace. Nan da nan suka yi ja, na kwashe ina murna. Gwaggo ta ɗauki ɗaya ta karya, cikinsa fari fat, ɗanye. Ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya biyo ki?" Ta janye itace biyu, ta jefa guda ɗaya tak, muka zauna muna kallonsa yana ƙananan kumfa har ya taso a hankali. Tsakin alkama sai wuta ta bi shi sannu kafin ya nuna har ciki.

Saura ruwan zaƙi. Da zuma ake yi a gidan masu hali, yanzu galibi suga ake dafawa da ruwan tsamiya ko lemon tsami. Tsamin nan ba don daɗi kawai ba ne: shi ke hana suga komawa ƙanƙara ya yi wa alkaki farin ɓawo bayan ya huce. Gwaggo takan ɗiga kaɗan tsakanin babban yatsa da manuni, ta buɗe. In ya ja zare siriri, ya yi. Da zafinsa ake tsoma alkaki, ya sha ya ƙoshi, a tsame. Wanda aka yi haka yakan yi makonni bai lalace ba, shi ya sa ba a haɗa garar amarya babu shi.

Ranar Sallah da hantsi za ka ga yara cikin sababbin kaya ɗauke da langa, an aike su gidan surukai. Can tsohuwar gidan za ta buɗe, ta sa albarka, ta ba ɗan aike tukuici. Sai ya fita sannan ta ɗauki guda, ta karya shi biyu, ta matsa bakin ƙofa inda haske yake ta duba cikinsa.